Juya Rubutun Umarni daga Lua zuwa JavaScript da Inji: Nazari daga Buƙatun Wikipedia ta Tyap da ta Hausa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yiwuwar amfani da inji wajen juya rubutun umarnin kwamfuta daga harshen Lua zuwa JavaScript, ta ɗauki Wikipedia ta Tyap da ta Hausa, waɗanda ake karantawa a Kudancin Kaduna, a matsayin fagen misali. Hujjar da ta kafa ita ce, wahalar aikin tana ga ma'ana, musamman wajen sarrafa haruffa, inda tushen da za a juya kan zo da nasa kuskuren tun daga gida. Saboda haka injin da ya dace shi ne mai iyakantaccen fage, wanda yake tsayawa idan bai tabbata ba, ana kuma auna aikinsa da gwaje-gwajen da masu harshe suka tsara.

1.0 Gabatarwa

Garin Manchok, fadar masarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura, yana kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Jos. Harshen mutanensa, Sholio, masana kimiyyar harshe suna lissafa shi cikin rukunin Tyap tare da na Kagoro da Attakar da Fantswam, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da tasha da yawancin hulɗa tsakanin ƙabilun yankin. Tun shekarar 2022, lokacin da Wikipedia ta Tyap ta fita daga sashen renon sababbin harsuna ta samu nata adireshi, mai karatu a wannan yanki yana da kundin sani biyu na kusa da shi ban da na Turanci. Akwatin bayanan da yake gani a gefen shafi, da lissafin shekarun mutum daga ranar haihuwarsa, da juya kilomita zuwa mil, ba hannun marubuci ne ke tsara su ba. Wasu gajerun umarni ne da aka rubuta da harshen Lua, wanda Wikipedia ta shigar ta hanyar ƙarin manhajar Scribunto a 2013. Ƙananan Wikipedia galibi kwafo waɗannan ƙunshe-ƙunshen umarni suke yi daga ta Turanci, su sauya 'yan kalmomin da ke fitowa fili, su bar sauran yadda suka same shi.

A watan Yulin 2023 Gidauniyar Wikimedia ta buɗe Wikifunctions, rumbu guda na ayyukan lissafi da ake son dukkan harsuna su riƙa ɗiba daga ciki, maimakon kowace Wikipedia ta riƙe nata kwafi. Harsunan rubuta umarni da rumbun ya karɓa su ne Python da JavaScript. Babu Lua a ciki. Tun 2021 aka zaɓi Hausa cikin harsunan da shirin zai fi mayar da hankali a kansu, tare da Ibo da Bengali da Malayalam da Dagbani, kuma a 2025 Wikipedia ta Dagbani, ta arewacin Gana, ta zama ta farko da aka ba damar kiran ayyukan rumbun daga cikin shafukanta. Tambayar da ta taso ke nan: abin da aka riga aka tara da Lua, inji zai iya ƙetarar da shi, ko sai an sake rubutawa? Manufar wannan maƙala ita ce tantance abin da inji zai iya juyawa da aminci da abin da ba zai iya ba, da kuma wanda ya kamata ya yanke hukunci a wurin da ya gaza.

A nan, “rubutun umarni” na nufin rubutun da mai shirya manhaja yake yi kafin kwamfuta ta aiwatar. “Injin juyi” shi ne manhajar da ke karɓar rubutun umarni na wani harshe ta fitar da na wani. “Aiki” kuwa guntun umarni ne da ke karɓar bayani ya mayar da sakamako. Wani zai ce JavaScript babban harshe ne, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ɓangarensa da Wikifunctions ke amfani da shi, wanda ba ya taɓa shafi ko intanet, ƙarami ne ƙwarai, kuma shi ne abin magana.

2.0 Waiwaye

Juya umarni daga harshe zuwa harshe tsohuwar sana'a ce. A 1981 kamfanin Digital Research ya fitar da XLT86 don mayar da umarnin na'urar Intel 8080 zuwa na 8086. Cfront na Bjarne Stroustrup ya riƙa mayar da C++ zuwa C tun 1983. F2c ya yi wa Fortran irin wannan a 1990. Dukkansu a kan ƙa'idoji rubutattu suka dogara: a feɗe jimla, a nemo takwararta a ɗaya harshen, a rubuta. Terekhov da Verhoef (2000) sun yi wa wannan hanya suka mai nauyi, inda suka nuna cewa nau'o'in bayanai ba sa dacewa tsakanin harsuna, kuma duk abin da harshen da aka nufa ba shi da shi sai an kwaikwaye shi, har sakamakon ya fito da sabon suna amma da ɗabi'ar tsohon harshe. Darasin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Python. An fitar da Python 3 a Disambar 2008 tare da injin juyi mai suna 2to3, amma ba a daina tallafa wa Python 2 ba sai 1 ga Janairun 2020. Harshe ɗaya ne, masu shi ɗaya ne, duk da haka injin ya kasa yanke babbar tambayar da sauyin ya kawo, wato ko wani zaren bayani haruffa ne ko bayit-bayit ne, domin amsar tana zuciyar marubuci, rubutun bai faɗe ta ba.

Ra'ayi na biyu shi ne na koyon inji. Roziere da abokan aikinsa (2020), a sashen binciken ƙirƙirarriyar basira na Facebook, sun gina TransCoder wanda ke juyi tsakanin C++ da Java da Python ba tare da an ba shi ƙa'idoji ba. Gudummawarsu da ta fi ɗorewa ita ce ta ma'auni: sun nuna kamannin rubutu ba ya tabbatar da komai, sai an gudanar da juyin an ga ko ya ba da amsar da tushe ya bayar. Pan da abokan aikinsa (2024) sun gwada manyan injinan harshe a kan samfuran umarni 1,700, suka samu juyin da ya yi daidai tsakanin kashi 2.1 zuwa kashi 47.3 cikin ɗari, gwargwadon injin. Ra'ayi na uku na masu cewa kada a juya komai, a dasa tafintan harshen farko cikin na biyu, kamar yadda Fengari ke gudanar da Lua a cikin JavaScript. A bayan ra'ayoyin uku akwai iyakar da Rice (1953) ya shata: babu wata dabara gama-gari da za ta tabbatar da ɗabi'ar kowane irin umarni, balle ta tabbatar cewa umarni biyu ɗaya ne. Wannan ne ya sa Pnueli da Siegel da Singerman (1998) suka ba da shawarar a riƙa tantance kowane juyi shi kaɗai maimakon a nemi wanke injin baki ɗaya. Abin da waɗannan ayyuka suka bari a buɗe shi ne halin da tushen kansa ya dogara da zaton cewa rubutun Turanci zai sarrafa.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na kwatanci ne. An ɗora ƙa'idojin Lua 5.1, zubin da Scribunto ke amfani da shi, a gefen ƙa'idojin JavaScript, aka bi su mataki huɗu: ginin jimla, ƙimomi da lissafi, haruffa, sai muhallin da umarnin ke gudana. A kowane mataki an ɗauki gajeren misali irin wanda ake samu cikin ƙunshin umarnin Wikipedia, aka fitar da sakamakonsa a harsunan biyu bisa ƙa'idar kowanne, da kalmomin Hausa da na Tyap a matsayin abin shigarwa. Ana kiran juyi “amintacce” idan ya ba da amsar da tushe ke bayarwa, ana kiransa “daidai” idan ya ba da amsar da mai harshe ke buƙata. Raba waɗannan ma'auni biyu shi ne ginshiƙin nazarin.

4.0 Nazari

4.1 Ginin jimla

Nan aikin ba shi da wuya. Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes sun ƙirƙiri Lua a 1993 a jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro da niyyar ya zama ƙarami, kuma nahawunsa bai wuce shafi biyu ba. Ɗalibin da ya san yadda ake gina bishiyar li'irabi zai iya rubuta manhajar da za ta feɗe shi. Sharaɗi da maimaici da ayyana aiki duk suna da takwarori a JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a 1995. Wannan kamanni ne ma ke yaudara, domin yana sa a ɗauka an gama.

4.2 Ƙimomi da lissafi

A Lua abu biyu kaɗai ake ɗauka ƙarya a cikin sharaɗi, wato “nil” da “false”. Sifili gaskiya ne, zaren haruffa marar komai ma gaskiya ne. A JavaScript sifili da zare marar komai duk ƙarya ne. Marubucin Lua da ya rubuta “if n then” yana tambaya ne ko an ba da lamba, kuma idan ɗan wasa bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, akwatin bayani zai nuna 0. In aka juya jimlar kalma da kalma, layin zai ɓace gaba ɗaya, kuma babu saƙon kuskure da zai fito. Haka salon nan da ya cika rubutun Lua, “x or d”, mai nufin a ɗauki d idan babu x: JavaScript yana da alamomi biyu masu kama da shi, amma ɗaya tana watsar da sifili, ɗayar kuma tana riƙe “false”, don haka babu wadda ta yi daidai da shi a kowane hali. Wikipedia ta taɓa cin karo da irin wannan a 2013, lokacin da aka riƙa mayar da tsofaffin samfuran da ake tsara shafuka da su zuwa Lua da hannu. A harshen samfuri, gurbin da aka bari fanko ƙarya ne, a Lua kuwa gaskiya ne, kuma ƙunshin da ake kira Arguments a Wikipedia ta Turanci yana nan ne, a wani ɓangare, don ya mayar da guraben fanko su zama babu kafin sauran umarni su gan su.

Misalin da ya fi haɗari shi ne neman kalma a cikin zare. Aikin nema na Lua yana mayar da “nil” idan bai samu ba, kuma yana ƙirga matsayi daga 1. Takwaransa “indexOf” yana mayar da -1 idan bai samu ba, yana kuma ƙirgawa daga 0. Tunda -1 gaskiya ne a JavaScript, 0 kuma ƙarya, juyin kai tsaye zai ce an samu a lokacin da ba a samu ba, ya ce ba a samu ba idan kalmar ce ta buɗe zaren. A lissafi an yi sa'a cewa Lua 5.1 da JavaScript iri ɗaya suke adana lamba, amma ragowar rabawa ta bambanta: -1 a raba da 7, ragowar 6 ce a Lua, -1 a JavaScript, kuma da wannan ake lissafin ranakun mako. Idan aka tara “10” na rubutu da 1, Lua zai ba da 11, JavaScript ya manna su ya ba da 101. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Wikipedia, inda duk abin da marubuci ya cike a samfuri a matsayin rubutu yake isa ga umarni. Jimillar 0.1 da 0.2 Lua zai buga ta 0.3, domin lambobi 14 yake nunawa, JavaScript kuwa ya buga 0.30000000000000004. Duk waɗannan bambance-bambance sanannu ne, suna da iyaka, kuma inji mai ƙa'ida zai iya magance su ɗaya bayan ɗaya. A wannan mataki amintacce da daidai abu ɗaya ne.

4.3 Haruffa

A nan ne ma'aunan biyu suke rabuwa. Lua ba ya ganin haruffa, bayit yake gani. A tsarin UTF-8, haruffan Turanci bayit ɗai-ɗai ne, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ bayit biyu-biyu ne. Tsawon kalmar “ƙasa” 5 ne a Lua, 4 a JavaScript. Idan aka ce wa Lua ya yanko harafin farko, rabin ƙ zai yanko, wanda ba harafin komai ba ne. Idan aka ce ya mayar da kalmar manyan baƙaƙe, zai fitar da “ƙASA”, JavaScript kuwa ya fitar da “ƘASA”. Scribunto ya tanadi wani sashe mai suna “mw.ustring” da ke ƙirga haruffan Unicode, sai dai marubucin da Turanci kaɗai ke gabansa ba ya ganin bambanci ko da wanne ya yi amfani, don haka ba dole ne ya kula ba. Me injin juyi zai yi da irin wannan layi? In ya kwaikwayi Lua, ya zama amintacce amma ya ƙetarar da kuskure zuwa rumbun da harsuna da yawa za su ɗiba. In ya sa takwaran JavaScript, ya gyara wa Bahaushe kalmarsa, amma ya sauya ɗabi'ar umarnin ba tare da izini ba, kuma akwai wuraren da marubuci bayit ɗin yake nufi da gangan, kamar wajen auna girman shafi. Kalmar “tsawo” a harsunan biyu kamar mudu ce: suna ɗaya a kasuwar Kafanchan da ta Dawanau, amma sai an tambayi wane kwano ake awo da shi kafin a yi ciniki.

Rubutun Tyap ya ƙara zurfafa matsalar. Yana amfani da wasula masu layi a ƙasa, kamar a̱ da i̱, waɗanda Unicode bai ba su lamba guda ba. Ana haɗa su ne da harafi da wata alama ta daban mai lamba U+0331. Kalmar “A̱tyap” alamomi 5 ce a ido, 6 a ƙirgar JavaScript da ta “mw.ustring”, bayit 7 a Lua. Wato ko marubucin tushe ya yi amfani da sashen Unicode yadda ya kamata, kuma injin ya juya da cikakken aminci, yanko harafin farko zai ba da A ba tare da layinta ba, wanda wasali ne daban a harshen. Haka ma tsarin neman kalma: ajin “haruffa” na “mw.ustring” da na JavaScript duk ba sa lissafa alamar haɗi a matsayin harafi, don haka umarnin da ke neman kalma guda zai tsaya bayan A ya raba kalmar biyu. Daidaita rubutu zuwa haɗaɗɗiyar siga, wanda MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, ke yi wa duk abin da aka adana, ba ya taimakawa, tunda babu haɗaɗɗiyar sigar da za a koma gare ta. A irin wannan wuri tushe da juyi sun yi ittifaƙi, kuma dukkansu sun yi kuskure.

Hausa ma tana da nata irin wannan. Jera kalmomi bisa lambar harafi yana jefa ƙ da ɗ da ɓ can bayan z a harsunan biyu, alhali a ƙamusun Hausa ɓ na bin b, ɗ na bin d, ƙ na bin k. Aikin mayar da harafin farko babba, idan ya ci karo da “'yan”, alamar ɗauri zai tarar a gaba ya bar kalmar yadda take, alhali “'Yan” ake so. A rubutun Nijar kuwa, inda ake sa ƴ, juyin JavaScript zai yi daidai, tushen Lua ya gaza. Kalma ɗaya ke nan, ƙa'idar rubutu biyu, sakamako daban. Babu wani bincike na bishiyar li'irabi da zai gano waɗannan, domin sanin da ake buƙata yana wajen malamin da ke koyar da rubutun harshen.

4.4 Muhalli

Ƙunshin Lua a Wikipedia ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Yana karɓar bayanai daga shafin da ya kira shi, yana duba ko wani shafi na nan, yana ɗebo bayani daga Wikidata, yana kuma aiki cikin iyakar daƙiƙa 10 da megabayit 50. Ayyukan Wikifunctions kuwa ba su san shafin da ya kira su ba sai abin da aka miƙa musu. Duk layin da ya dogara da shafi ba shi da wurin sauka a ɗaya ɓangaren. Abin da zai ƙetare shi ne tsantsar lissafi da ke cikin ƙunshin, kuma ware shi daga sauran aikin mutum ne.

5.0 Siffar Injin da ya Dace

Daga abin da ya gabata, injin da zai amfani ƙaramar al'ummar editoci ya kamata ya kasa kowane layi gida uku. Inda ya iya gano nau'in bayani da tabbas, misali lamba ce a tara da lamba, sai ya juya kai tsaye cikin salon JavaScript na yau da kullum. Inda nau'in bai bayyana ba amma bambancin sananne ne, kamar sharaɗi ko ragowar rabawa, sai ya kira ɗan ƙaramin aikin tallafi da ke kwaikwayon Lua. Inda layin ya taɓa tsawon rubutu ko yankansa ko girman baƙi ko jerawa, ko ya dogara da tsarin da Lua bai yi alkawarinsa ba, kamar jerin da abubuwan cikin tebur, wato ma'ajiyar bayanai ta Lua, ke fitowa, ko ya sauya ɗabi'ar tebur, to ya tsaya ya rubuta tambaya a wurin. Za a iya jarabtuwa a faɗaɗa gida na biyu har ya haɗiye komai, ta yadda kowace alamar tarawa za ta zama kiran aikin tallafi. Sakamakon zai gudana, amma ba mai iya karanta shi, kuma wannan ita ce cutar da Terekhov da Verhoef suka bayyana. Dalilin juyin tun farko shi ne a samu masu gyara. Horon fasahar zamani da matasa ke samu a Najeriya ya fi karkata ga Python da JavaScript, kuma ɗalibin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da zai sa hannu, mai yiwuwa a allon waya zai karanta umarnin. Juyin da ba zai iya bi da ido ba bai rage masa komai ba.

Auna aikin injin kuma hawa biyu ne. Hawa na farko shi ne gwajin bambance irin na McKeeman (1998): a ba tushe da juyi bayani ɗaya a kwatanta amsa, a kuma bar inji ya ƙirƙiro bayanan gwaji masu yawa bisa dabarar QuickCheck ta Claessen da Hughes (2000), da sharaɗin cewa haruffan da zai zaɓa su haɗa da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ da a̱ da i̱, lambobin kuma su haɗa da sifili da masu ragi. Hawa na biyu shi ne jerin misalai da amsoshinsu da masu harshe suka rubuta: harafin farko na “A̱tyap” kaza ne, “ƙasa” tana zuwa bayan “kwano” ko kafinsa bisa ƙamusun da aka zaɓa. Tsarin Wikifunctions ya dace da wannan, domin gwaji a can abu ne mai zaman kansa da ake liƙa wa aiki, kuma kowace sigar aikin, ta Python ko ta JavaScript, da shi ake duba ta. Rubuta irin wannan gwaji ba ya buƙatar iya shirya manhaja. Malamin firamare a Manchok da ya san rubutun harshensa ya fi ƙwararren injiniya a wata ƙasa cancantar yin sa.

6.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ita ce ta masu dasa tafinta: me ya sa za a sha wannan wahala alhali ana iya gudanar da Lua yadda yake? Ga umarnin da ba wanda zai sake taɓawa, wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma Fengari zubi na 5.3 yake bi, wanda ya raba cikakkun lambobi da masu ɗigo, saɓanin 5.1, don haka ko amincin da ake taƙama da shi bai cika ba. Abin da ya fi wannan, dasa tafinta yana adana kurakuran sashe na 4.3 daram, ya kuma lulluɓe su ta yadda mai gyara ba zai kai gare su ba.

Suka ta biyu ta fi yawan magoya baya a yau: a miƙa wa babban injin harshe ya juya, tunda rubutunsa na fitowa da tsabta. Tsabtar gaskiya ce, kuma injinan sun ci gaba tun bayan alƙaluman 2024. Matsalar ita ce irin wannan inji ba ya tsayawa. Idan ya iso layin da ke yanka harafin farko, zai zaɓi wata fassara mai kama da hankali ya wuce, ba tare da ya nuna cewa zaɓi ya yi ba, kuma abin da ya saba gani shi ne umarnin da ke sarrafa Turanci. Kuskuren da ya zo cikin kyakkyawan rubutu ya fi wuyar kamawa, musamman a wurin da masu dubawa ba su da yawa. Wurinsa na gaskiya shi ne gida na uku, inda injin ƙa'ida ya tsaya: ya kawo shawara, gwajin masu harshe ya karɓa ko ya ƙi.

Suka ta uku ita ce gwaji ba ya tabbatar da rashin kuskure, kamar yadda Dijkstra ya daɗe da jan kunne. Haka ne, kuma shi ya sa aka iyakance fagen. Aikin da ke karɓar kwanan wata ya mayar da ranar mako ana iya gwada shi a kan kowace rana ta shekaru ɗaruruwa cikin ɗan lokaci, wanda a aikace ya kusa zama hujja. Ƙanƙantar ayyukan ce ke ba gwaji ƙarfin da ba shi da shi a manyan manhajoji.

Suka ta ƙarshe ba ta fasaha ba ce, kuma ita ce ta fi taƙaita fagen. Rubutun Wikipedia, har da ƙunshin Lua, yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ya wajabta duk abin da aka samo daga gare shi ya ɗauki irin lasisin. Umarnin da ake sawa a Wikifunctions kuwa yana ƙarƙashin Apache 2.0. Juyin da inji ya yi layi bayan layi abu ne da aka samo daga tushe, don haka ba za a ɗora shi a rumbun ba sai marubutan tushen sun yarda, kuma tsohon ƙunshi na Wikipedia ta Turanci na iya samun marubuta da dama, wasu sun daɗe da barin aikin. Wannan ya bar wa injin fage biyu: umarnin da editocin Tyap da Hausa suka rubuta da kansu, wanda suke da ikon sake masa lasisi, da ƙunshin da marubutansa kaɗan ne kuma ana iya samunsu. Sauran sai an rubuta shi sabo daga bayanin abin da ake so ya yi, ba daga rubutun tsohon ba, kuma bayanin da mai rubutawa zai riƙe a hannu shi ne jerin misalai da amsoshi na hawa na biyu.